Farin Filin da Na Ƙi Cikewa

Hotuna goma sha bakwai Kawu ya kawo mini a cikin baƙar leda. Ya zazzage su a kan tabarmar Inna, sannan ya jera su da hannunsa. Na shugaba a sama. Ƙarƙashinsa mataimaki da uban ƙungiya. Sai shi kansa Kawu, da yake shi ne sakatare, ma'aji na biye da shi. Sauran suka zo a ƙasa, kowa a matsayinsa. Ya ja da baya yana dubansu kamar yadda yake duban garke kafin ya yi magana.

"Haka za su fito," in ji shi. "Kada ki kuskura ki sa ma'aji gaba da ni. An taɓa yin haka a kalanda, wata uku ba mu gaisa ba."

Lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar da nake karatun kwamfuta a nan Daura. Sharaɗin kammalawa shi ne kowane ɗalibi ya nemi wata ƙungiya ko sana'a ta gaske, ya gina mata shafin intanet, sannan ya kawo takarda da sa hannun shugabanta cewa sun karɓi aikin. In babu takardar, babu sakamako, sai dai a jira wata shekarar. 'Yan ajinmu masu baki tuni suka kama shagunan atamfa da makarantun kuɗi. Ni kuwa ko gaisuwa ce sai na maimaita ta a raina kafin ta fito, don haka na rasa wanda zan tunkara. Inna ce ta yi wa yayanta magana. Kawu dillalin shanu ne, kuma sakataren wata ƙungiyar fatake da dillalai masu cin kasuwar Daura da ta Mai'aduwa. Ya ce dama suna neman abin da za su nuna wa takwarorinsu na Kano.

Kafin in taɓa kwamfuta, mako biyu na yi ina damun Kawu. Kullum in ya biyo ta gidanmu bayan la'asar, sai in ɗauko littafina in tambaye shi wa ya kira shi yau, me ya tambaya. Da farko yana dariya, daga baya ya fara gajiya, amma na rubuta komai. Da na zauna na duba, sai na ga kiran kusan duk iri ɗaya ne. Wasu suna tambayar ranar da malamin dabbobi zai zo rigakafi. Wasu ranar da mota za ta yi lodi zuwa Kudu. Mafi yawa kuma, mafi zafi, cigiya ce: saniya ta ɓace a hanyar kasuwa, ko bijimi ya tsinke igiya wajen Kwangwalam, a bakin iyakar Nijar, mai shi yana so a baza labari kafin a tsallaka da shi. A cikin mako biyun nan babu mutum ɗaya da ya kira don ya ji wane ne ma'aji.

Don haka na tsara shafin a kan abin da na ji. Farin bango, baƙin rubutu mai kauri wanda za a iya karantawa a tsakiyar rana. Cigiya a sama, da ɗan hoton dabbar da shaidar da ke jikinta. Ƙarƙashinta ranar rigakafi, sannan ranar lodi. Jan launi na ajiye don abu ɗaya tak, wato cigiyar da ba ta kwana uku ba. Na sa alamar lasifika kusa da kowace sanarwa saboda waɗanda ba su yi boko ba, su danna su ji da kunnensu. Madannin kiran sakatare na yi shi babba, a ƙasa, inda babban yatsa yake kaiwa ba tare da an sake riƙon waya ba. Gefe da gefe kuma, da tsakanin kowace sanarwa, na bar fili. Hotunan shugabanni na kai su shafi na biyu.

Ba a aji na fara koyon wannan ba. Kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Malam, marubucin Alƙur'ani ne da hannu. Ina ƙarama, da yake ba na son wasan waje, a gefensa nake wuni. Yana da wani kwali da aka ɗaure wa zare layi-layi. Sai ya ɗora takarda a kai ya shafa da tafin hannu, layukan su fito ba tare da tawada ba. Baƙi da baƙar tawada yake rubutawa, wasali da ja, sai ɗigon rawaya a inda ya kamata. Zayyana kuwa ba ya yin ta sai a wurin da mai karatu ke buƙatar sanin ya kai wani mataki. Wata rana na tambaye shi me ya sa yake barin gefen takarda haka, ga takarda da tsada. Ya kamo babban yatsana ya ɗora a kan farin wurin.

"Nan wurin wannan ne," ya ce. "In na cike, ina za ki riƙe?"

Shekaru bayan rasuwarsa, da malaminmu ya tsaya gaban allo yana jero mana sunayen waɗannan abubuwa da Turanci, ni dai yatsana nake kallo.

Ranar da na nuna wa Kawu aikin, ya karɓi wayar ya ja sama, ya ja ƙasa, ya juya ta ya dubi bayanta.

"To, ki kira ni in kin gama."

"Na gama, Kawu."

"Kin gama? Wannan filin fa? Ko data ce ta ƙare miki a hanya?"

Na ce haka na tsara shi.

"Wannan ai takardar asibiti ce, 'yar nan. Ina kore? Ina ruwan zinare? Ina shanu suna tafiya a sama? Ɗan mai shayin bakin tasha ma an yi masa nasa, rubutu yana gudu yana walƙiya. Mu da muke da shugaba kamar Alhaji sai mu fito tsirara?"

Na san abin da yake gani a ransa. Kowace shekara ƙungiyar tana buga kalanda, kuma ba don kwanan wata ake buga ta ba, don kwanakin ƙanana ne a can ƙasa, sai ka matsa kusa. Don fuskoki ake buga ta. Girman hotonka shi ne girmanka. Wanda aka rage wa hoto ya san an rage masa wani abu, kuma duk wanda ya shiga shagon da aka rataye ta ya sani. Kawu bai ga dalilin da zai sa shafin intanet ya bambanta da kalanda ba. Kalanda ce kawai da ta shiga waya.

Ban yi masa gardama ba, don ban iya ba. Abin da na iya shi ne gwaji. Na zauna kwana huɗu na gina na biyu daidai yadda ya faɗa, ban yi masa ha'inci ko kaɗan ba: hotuna goma sha bakwai da cikakken kyansu, zanen zinare a gefe, shanu uku suna ratsawa, barka da zuwa tana walƙiya. Na ce a raina, a gwada duka biyun a wurin da za a yi amfani da su, sai a gani. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Wannan kuskurena ne, kuma na yarda da shi.

Ranar kasuwar Mai'aduwa muka shiga mota da sassafe. Ban taɓa shiga kara, wato kasuwar shanu, ba sai ranar. Ƙungiyar tana da rumfa a gefe, da benci biyu da tabarmi, kuma ni kaɗai ce mace a wurin in ban da masu fura da ke can nesa. Na ja hijabina na tsaya bayan Kawu.

Alhaji shugaba babban mutum ne, jiki da murya. Ba mugu ba ne. Shi ke tashi ya tafi in rigima ta ɓarke tsakanin makiyayi da manomi, kuma sau da yawa shi ke kashe ta. Ya yi karatu a zauren Malam yana saurayi, don haka da ya gan ni ya washe baki.

"A'a, jikar Malam ce injiniyar tamu? Matso, matso. Nuna mana."

Kawu ya karɓi wayar Alhaji ya buɗe mai hotuna, ya miƙa masa da hannu biyu. Mutane suka kewaye. Sabis a wannan gefen yakan zo ya tafi, wani lokaci ma waya ta kama na Nijar. Zanen zinare ya fito. Sai hoton Alhaji ya fara saukowa daga sama, a hankali, layi bayan layi. Hularsa ta fito, zanna bukar mai ruwan toka, da kyanta. Ta kai goshi. Sai ta tsaya.

Aka jira. Wani bijimi ya yi kuka a bayanmu. Alhaji ya ɗaga wayar sama, ya karkata ta gabas. Hula dai.

Ma'aji ne ya fara. "Alhaji, hular ta iso lafiya. Kai ne ba ka ƙaraso ba."

"Yana Kwangwalam," wani ya ce daga baya, "ana duba takardunsa."

Rumfar ta fashe da dariya. Har mataimaki, wanda ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na miƙa hannu na ce a gwada ɗayan. Kawu bai ankara ba na karɓi wayar na buɗe. Kafin in miƙa ta ya riga ya fito gaba ɗaya. Wani dattijon Bafillace da ke tsugune kusa ya leƙo, ya ga hoton saniyar da na sa don misali, ya danna lasifikar da kansa ba wanda ya nuna masa. Muryar Kawu ta fito tana cigiya. Dattijon ya ce, "Wannan fara ce mai baƙin kunne, ta wa ce?"

Na ɗauka shi ke nan, an gani. Da na ɗaga kai sai na ga fuskar Alhaji.

"Jikar Malam," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "tun daga Daura kika taso don ki sa a yi mini dariya a gaban mutanena?"

Ya karɓe wayarsa, ya ci gaba:

"Ki je ki gyara mai hotunan ya riƙa buɗewa. Shi muke so. In kin kawo shi, in sa miki hannu."

Zan iya cewa to. Duk rayuwata to nake cewa. Amma na san ko na matse hotunan nan iya matsewa, mutumin da saniyarsa ta ɓace sai ya wuce fuskoki goma sha bakwai kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Na dubi ƙasa, na dubi takalman mutane, na ce:

"Alhaji, hotunan suna nan a shafi na biyu. Ba zan sa su a gaba ba."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

A mota Kawu ya bari sai da muka wuce rabin hanya. Sannan ya fara, bai tsaya ba har tashar Daura. Shekara nawa yana gina mutuncinsa a rumfar nan. Wa ya aike ni. Ashe shiru-shirun nan da ake yabo ba kunya ba ce, taurin kai ne. A gida ya maimaita wa Inna duka, har da abin da ban faɗa ba. Inna ta saurara, da ya tafi ta dube ni ta ce, "Ke da ko kare ba kya iya kora, Alhaji kika iya?" Ban san ko faɗa take yi ko mamaki ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Saura kwana tara a rufe karɓar takardu. Na je wurin malamin da ke duba aikina na gaya masa. Ya duba shafin, ya ce shi ne mafi tsabta a ajin, sannan ya ba ni shawara.

"Ki sa musu hotunansu, ki karɓi takardarki. Mu nan ki nuna mana wannan. Wa zai je Mai'aduwa ya duba?"

Na ce masa zan yi tunani. Ban yi ba. Tun kafin in fita daga ofishin na san ba zan yi haka ba. Ba don ina da tsoron Allah fiye da kowa ba. Abin da ke tsaye a idona shi ne mutum a ruga, ya hau suri yana ɗaga waya sama don ya kama sabis, garkensa ya ragu da ɗaya, abin da zai fito masa kuma hula ce. In zan maimaita shekara, in maimaita. 'Yan ajinmu suka ce na haukace. Wata ta ce, "A kan fili? Filin da babu komai a ciki?" Na ce e, a kansa.

Amma akwai abin da ke ci mini rai, wato dariyar nan. Ba shafin ne ya jawo ta ba, ni ce, da na kai gwajina gaban mutanensa maimakon zaurensa. Saura kwana uku na ce wa Inna zan je gidan Alhaji. Ta aika aka kira Kawu. Ya ce ba zai je ba. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gida a kan babur, na hau.

Mun sami Alhaji a zaure shi kaɗai yana jin rediyo. Kawu ya zauna can bakin ƙofa kamar wanda bai san ni ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Kin kawo?"

"Na zo ba da haƙuri ne, Alhaji. Bai kamata in gwada abin nan a gaban jama'a ba. Laifina ne."

"To, madalla. Ya wuce. Hotunan fa?"

"Suna shafi na biyu."

Kawu ya yi wani tari a bakin ƙofa. Alhaji ya kashe rediyon.

Na yi kwana biyu ina maimaita tambayar da zan yi. Na ce na san akwai Alƙur'anin da Malam ya rubuta masa da hannunsa. Ya ce yana nan, a gafakarsa, ba ya rabuwa da shi. Na ce, "A cikinsa, ina Malam ya sa sunansa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kina haɗa littafin Allah da wasan waya?"

"A'a, Alhaji, Allah ya kiyaye. Maganar marubucin nake yi. Yadda yake aiki."

Bai tashi ya ɗauko ba, don ba ya buƙata. Ni ma na sani, shi ma ya sani: a falle na ƙarshe ne, a can ƙasa, da ƙaramin rubutu, bayan an gama komai, tare da roƙon mai karatu ya yi masa addu'a. Shekara guda da watanni yana rubutu, layi biyu ya ba kansa.

Sai Alhaji ya yi wata dariya ta hanci, ya juya wajen Kawu.

"Ka san abin da tsohon nan ya yi mini? Lokacin na fara samu, na ce masa ina son nawa ya fi na kowa. Kowane falle a zagaye shi da zayyana, ja da kore da rawaya. Ya ce ba zai yi ba. Na ce ni ne mai shi. Ya ce ni ne mai shi, amma shi ne mai rubutu, in kuwa aka ƙawata ko'ina ba zan san inda zan tsaya ba. Wata biyu ina fushi ban je zaurensa ba. Ko aike bai yi mini ba." Ya girgiza kai. "Ashe abin a jini yake. Kai kuma ka ɗauko mana ita."

Kawu ya ce, "Wallahi ban sani ba, Alhaji. A gida ko magana ba ta yi."

"Shi ma ai ba ya yi."

Bai ce na yi daidai ba, kuma har yau bai taɓa faɗa ba. Cewa ya yi in nuna masa shafi na biyun. Na buɗe, ya cire tabarau ya mayar, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya tabbatar kowa yana inda kalanda ta ajiye shi. Ya ce hoton nasa bai yi ba, a canja da wanda ya sa shuɗiyar babbar riga. Na ce to. Ya ce a ƙara masa girma. Na ce kaɗan. Ya ce, "Ji ta!" Sannan ya koma shafin farko ya daɗe yana kallo, ba tabarau, wayar a nesa da fuskarsa. Na lura leɓunansa suna motsi. Yana karanta ranar rigakafi.

"Ina takardar?"

Na ciro ta daga cikin littafina. Ni na buga ta, layi huɗu ne kawai a sama, sai ɗan layin sa hannu, sauran rabin takardar fari fat. Ya ɗora ta a kan gwiwarsa, ya karɓi biro daga Kawu. Bai ko kalli ɗan layin da na ja masa ba. Ya fara daga gefen hagu, ya ja wata doguwar ƙugiya har gefen dama, ya dawo, ya naɗe, ya yi mata jela, ya ɗiga ɗigo uku. Ya sa Kawu ya miƙo hatimin ƙungiya, ya buga a dama, ya duba, ya ga saura wani ɗan wuri a hagu, ya sake bugawa a can. Ya ƙara kwanan wata da manyan baƙaƙe a ƙasa. Da ya gama babu inda za a ɗora yatsa.

Ya miƙo mini. "Wannan filin dai nawa ne," in ji shi.

Na karɓa da hannu biyu, ta can ƙurya, don tawadar hatimin ba ta bushe ba. A kan babur Kawu ya ce in riƙe ta da kyau kada iska ta ɗauke, sannan ya tambaye ni, ba tare da ya waiwayo ba, ko a shafi na biyun nan shi ne gaba da ma'aji. Na ce shi ne. Ya ce to.

Washegari na kai takardar makaranta. Shafin kuma yana nan yadda na tsara shi. Sau biyu tun daga lokacin Kawu ya zo mini da saƙo, sau ɗaya wai a sa tutar ƙungiya a gefe, sau ɗaya wai gaisuwar Sallah mai walƙiya. Duka biyun na ce a'a, kuma yanzu ba sai na maimaita a raina ba kafin in faɗa.